Maganin cutar kansa daga ɓawon bishiya

Tambaya: Malam, likita ya ɗora yayata a kan maganin kansar mama mai suna paclitaxel. Wai da gaske daga itace aka samo shi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya ne. A 1962 aka ɗebo ɓawon bishiyar yew, mai siraran ganye kamar allura, a jihar Washington ta Amurka. Masana kimiyya Monroe Wall da Mansukh Wani ne suka tace sinadarin maganin daga ɓawon, suka bayyana tsarinsa a 1971. Aikinsa shi ne hana ƙwayar kansa rabuwa ta yaɗu.

Amma don Allah kada ku sayi garin ganyen a intanet. Akwai gubar taxine a cikinsa, tana tsayar da zuciya. Ku tsaya ga maganin da ake ba ta ta ƙarin ruwa a asibiti.