Daga effluere zuwa mura: amsoshin wannan mako

Wani ɗalibi daga Damagaram ya ga kalmar effluent a littafinsa na Faransanci, yana neman asalinta da Hausarta.

Asalinta Latin ne, effluere: ex, wato daga ciki zuwa waje, da fluere, gudana. Italiyanci na da effluire, Sifaniyanci da Fotugisanci efluir. A Faransanci effluent shi ne gurɓataccen ruwan da masana'anta ko magudanar gari ke fitarwa. Sai dai, ko da yake 'ya'yan Latin ne, ba ta hanyar gado waɗannan harsuna suka same ta ba. Kalmar da aka gada da baki takan sha wuya a hanya. A bakin Italiyawa fl ya koma fi, shi ya sa flumen, kogi, ya zama fiume. Flamma, harshen wuta, ta zama llama a Sifaniya, chama a Fotugal. Ita kuwa effluire ga fl ɗinta nan ko ƙwarzane babu, alamar malamai ne suka ɗauko ta daga takarda. Wadda ta bi ta bakin talakawa ita ce excurrere, gudu zuwa waje, uwar scorrere ta Italiya da escurrir ta Sifaniya da escorrer ta Fotugal, da scurge ta Romaniya. Haka al-kitab ya sha baki har ya zama littafi, amma mujalla ta iso jiya-jiya da rigarta.

Hausarta kuwa, sai ka faɗa mini yadda ruwan yake fita. In ya bazu a ƙasa, malala yake. Daga indararo, kwarara. Daga idon rijiya, ɓulɓula. Daga tsumman da aka shanya, tsiyaya. Duk wannan arziki, amma wasu 'yan rediyonmu gudana kaɗai suka sani: ruwa ya gudana, taro ya gudana, zaɓe ya gudana, har jana'iza ma gudana take! Na gaji da faɗa.

Wata malama daga Kumasi ta ce ko influenza danginsu ce?

Ƙwarai. Kalmar Italiyanci ce mai nufin tasiri, daga influere ta Latin, kwarara zuwa ciki. Italiyawan zamanin da sun ɗauka tasirin taurari ne ke sauko wa mutane da annoba. Turanci ya ari kalmar a 1743. Ke dai ki ce mura.

Wani daga Gusau: me ake nufi da "ruwa ba ya tsami banza"?

Komai da dalilinsa. Wannan ai ko kakarka ta isa ta amsa maka.