Amsa: Ko ƙwanson foraminifera na nuna lafiyar ruwan teku?

Ka tambaya ko ƙwansunan foraminifera, wato wasu ƙananan halittun teku masu ƙwayar halitta ɗaya, da ke cikin lakar ƙasan teku za su iya nuna maka halin da ruwan yankin murjani yake ciki. Ƙwarai kuwa, suna nunawa. Manyansu irin su Amphistegina suna zaune ne da gansakuka mai buƙatar hasken rana a cikin jikinsu, don haka sai ruwa garau mai hasken rana suke yi, kamar dai murjanin kansa. Da zarar ƙazanta ko takin gona ya kwararo, sai su ja baya, wasu foraminifera masu jure wahala irin su Ammonia su mamaye wurin. A kan wannan masaniyar kimiyyar teku Pamela Hallock ta gina ma'auninta na 2003, mai ba da maki bisa yawan kowane iri a cikin laka: maki sama da 4 ruwan ya dace da murjani, ƙasa da 2 kuwa ya ɓaci.

Sai dai ka kula, ƙwanso yana daɗewa bayan mai shi ya mutu, igiyar ruwa kuma tana kwaso shi daga nesa. Na taɓa tace laka na ga Amphistegina fal a faranti, har na yi murna, ashe duk tsofaffin ƙwansuna ne da gefensu ya goge. Ka jiƙa samfurinka da rinin Rose Bengal tukuna, masu rai lokacin ɗiba za su yi ja-ja, su za ka ƙirga daban.