Gida a Florida, maigida a Nima

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da takardar zama ɗan ƙasar Amurka, kuma ina da gida a jihar Florida da ake yi mini sassaucin haraji a kansa. Shekara 3 ke nan da dawowata Nima, na zuba 'yan haya a gidan, amma har gobe sassaucin na fitowa a takarda. In yi shiru? — Wani Alhaji, Nima, Accra

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi shiru, don bashi ne yake taruwa a kanka.

An yi sassaucin ne domin wanda gidan ke matsayin mazauninsa na dindindin a ranar 1 ga Janairu. Ana cire dala 25,000 daga ƙimar gidan kafin a yi lissafi, sai wata kimanin dala 25,000 da ba ta shafi harajin makarantu ba. Inda tsokar take kuwa, ba a ɗaga ƙimar fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, komai tsadar da gidaje suka yi.

A dokar jihar, wanda ya ba da hayar gidan fiye da kwana 30 a shekara, shekara 2 a jere, ya bar gidan ke nan. Sassaucin sabunta kansa yake yi, shi ya sa kake ganin sa, amma nauyin sanar da ofishin ƙiyasta kadarori na gundumar yana wuyanka. In su suka gano, suna iya komawa baya har shekara 10: a karɓi harajin da aka yafe, a ɗora tarar kashi 50, da ruwan kashi 15 kowace shekara. Wato dala 1,000 da ka tsira da ita za ta jawo tarar 500, ga 150 na hawa duk shekara. In ba a biya ba, sai a rataya bashin a kan gidan, ranar sayarwa ya tare hanya. Ganowar kuma ba wuya, tunda adireshin lasisin tuƙi da na takardar harajin tarayya suna cikin abin da ake dubawa.

Ka rubuta wa ofishin, ka faɗi ranar da 'yan haya suka shiga, ka nemi lissafi a rubuce. Ka sa rai harajin baɗi zai yi tsalle, domin za a mayar da ƙimar kan farashin kasuwa. Ka tuna da wannan in za ka yanke kuɗin haya.

Sai harajin kuɗin shiga. Florida ba ta karɓa, amma IRS, hukumar harajin tarayyar Amurka, tana bin ɗan ƙasa ko'ina yake. Kuɗin haya na shiga fom 1040, wato takardar harajin shekara, ta sashenta na haya mai suna Schedule E, bayan an cire gyare-gyare, inshora da harajin gida. Mazaunin ƙasar waje yana da wa'adin miƙa fom ɗin zuwa 15 ga Yuni, sai dai ruwa na fara hawa tun 15 ga Afrilu.

A nan gida ma, wanda ya yi kwana 183 a Ghana cikin shekara mazauni ne a wurin GRA, hukumar harajin Ghana, har kuɗin da ya samo daga waje ana tambaya. Ka adana rasit ɗin IRS, da shi za ka nemi ragi.