Tafashiya da rawayar ido: a ƙara jiƙon ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yau kwana goma ke nan idon ƙanina ya yi rawaya. Mai magani ya ce shawara ce, ya ba mu saiwar tafashiya muna jiƙa masa safe da yamma. Amma fitsarinsa sai ƙara duhu yake yi, abinci ma ya gagara. Hankalina a tashe yake. Mu ƙara masa yawan jiƙon ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ku dakatar da jiƙon nan, ku kai shi asibiti yau a gwada jininsa.

Ba raina tafashiya nake yi ba. Itaciya ce ta bakin rafi da kurmi, mai dunƙulallen farin fure mai ƙamshi, danginta ɗaya da itacen da aka samo kwinin a ɓawonsa. Saiwarta na da ɗaci, cikinta kuma rawaya ne, kuma nan ɓatan yake farawa: wai rawaya ke korar rawaya. Kullum sai na ji wannan magana, har na gaji da ita.

Rawayar ido alama ce kawai. Tana iya fitowa daga ciwon hanta nau'in B, ko maleriya mai farfasa jini, ko sikila, ko tsakuwa da ta toshe hanyar matsarmama. Ta ina saiwa ɗaya za ta warkar da waɗannan duka? Wanda bai gwada jini ba, da me ya bambance su? Abin da ke rufa wa masu tallar magani asiri shi ne, ciwon hanta nau'in A yakan warke da kansa cikin makonni. Sai mai magani ya karɓi yabo, wanda ya mutu kuwa a ce kwanansa ne ya ƙare. Alhali duk abin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke tace shi. Hantar da ta riga ta jigata ake ɗura wa ruwan ɗaci ba awo, ba ƙima.

Ko abin da ke cikin saiwar ma ba ku sani ba. A 2013 masu bincike suka sanar cewa sun samu tramadol a saiwar tafashiya daga arewacin Kamaru. A 2014 wasu masana a Jamus suka nuna cewa shanu ake bai wa ƙwayar, ta bi fitsari da kashinsu ta shiga ƙasa, saiwar ta zuƙa.

Idan ya fara yawan barci, ko sambatu, ko dasashinsa na jini, ko ciki ya kumbura, kada ku jira gari ya waye. Ku tafi da ragowar saiwar, ku faɗa wa likita kwana nawa ya yi yana sha, kada ku ɓoye don tsoron faɗa. In gwaji ya nuna nau'in B ne, duk mutanen gidan ku je a gwada ku, wanda bai kamu ba a yi masa allurar rigakafi.