Adabin Gotik da Tarihin Likitanci: Ina Malami Zai Samo Kayan Darasi a Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Turanci a wata kwalejin ilimi. A zangon nan za mu karanta Frankenstein da Dracula, ina kuma so ɗalibai su ga alaƙarsu da likitancin wancan zamani. Wayar Android ce kawai a hannuna, data kuma sai a hankali. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Wannan darasi zai yi armashi, domin labaran Gotik, masu kaburbura da gawawwaki da tsoffin gidaje, sun sha ruwa sosai daga ɗakunan fiɗar likitocin Birtaniya.

Fara da littattafan. Dukansu sun tsufa har haƙƙin mallaka ya sauka daga kansu, kyauta ne a Project Gutenberg, shafin littattafan kyauta a intanet. Zaɓi EPUB marar hotuna, bai kai megabait ɗaya ba, ki buɗe shi da manhajar karatu ta ReadEra. Amma ki lura, Frankenstein na Mary Shelley bugu biyu ne, na 1818 da wanda ta gyara a 1831, kuma lambobin babi ba su zo ɗaya ba. Tsayar da guda, ki tura wa kowa shi ta Xender ko Bluetooth, kada ki ce "babi na 5" rabin aji su buɗe wani wuri daban.

Sai ɓangaren likitanci, inda nake so ki fi ba da ƙarfi. A 1791 Luigi Galvani na Bolonya a Italiya ya wallafa bincikensa kan yadda lantarki ke sa ƙafar mataccen kwaɗo ta harba. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Giovanni Aldini, ya gwada haka a Landan kan gawar George Forster, wanda aka rataye a kurkukun Newgate bisa laifin kisa. Muƙamuƙin gawar ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Dokar 1752 ce ta ba likitoci damar fiɗe gawar wanda aka kashe saboda kisan kai. Shari'ar Forster tana nan a Old Bailey Online, rumbun shari'o'in kotun Landan daga 1674 zuwa 1913, rubutu ne zalla, ba ya cin data. Ki ajiye labarin Aldini gefe guda, ki ajiye babin da Victor Frankenstein, jarumin littafin, ya tayar da halittarsa a ɗaya gefen, ki bar ɗalibai su yi ta muhawara. A gabatarwar bugun 1831 marubuciyar da kanta ta ambaci gwaje-gwajen irin na Galvani.

Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa na Amurka ya taɓa shirya baje koli kan Frankenstein, ya kuma ɗora shi a shafinsa tare da tsararrun darussa na malamai. Hotuna kuwa, ban ga kamar Wellcome Collection na Landan ba. Rubuta "galvanism" ko "Burke and Hare", mutanen nan biyu da suka kashe mutum 16 a Edinbara a 1828 suna sayar wa Dakta Robert Knox gawawwakin, abin da ya taimaka wajen kafa dokar fiɗa ta 1832. Kowane hoto da bayanin lasisinsa a ƙasa. Duba su ke kaɗai tukuna, wasu zanen fiɗar suna da tayar da hankali, ɗalibanmu kuma sun taso kan girmama gawa.

Ga Dracula na Bram Stoker, 1897, ki kama batun ƙarin jini: a labarin, maza huɗu suka ba wata budurwa mai suna Lucy jini ba tare da wani gwaji ba, domin sai 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini.

Duk shafin da ya yi miki, buɗe shi a Chrome, danna Share, sai Print, sai Save as PDF. Ranar darasi ko babu sabis kina da kayanki.

Tambaya: Wani aboki ya ba ni adireshin maƙalun British Library kan adabin Gotik, amma ba ya buɗewa. Wayata ce? Ko in tambayi ChatGPT kawai?

Amsa: Da wuya a ce wayarka ce, Malam. Masu kutse sun kai wa ɗakin karatun hari a Oktoban 2023, shafuka da dama suka sauka, tsoffin adireshi suka daina aiki. Kwafi adireshin ka liƙa a Wayback Machine na Internet Archive, shafin da ke adana tsoffin kwafin shafukan intanet, sau da yawa za ka samu tsohon kwafi. ChatGPT zai iya taya ka tsara tambayoyin aji, amma yakan ƙirƙiro sunan maƙala ko zancen da marubuci bai taɓa faɗa ba. Duk jimlar da ya ce daga littafi take, nemo ta a kwafin Gutenberg da maɓallin bincike kafin ka rubuta ta a allo.