Bakina ya mutu ranar da aka sauke ƙanena daga mota

Assalamu alaikum Anti. Ni Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Wad Madani, asalin kakanninmu Maiwurno. Shekaruna 33, 'ya'yana biyu. Maigidana yana aiki a Jidda, yanzu ni ma a nan nake.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, mu ne masu saukar baƙi, har tsakar gidanmu mutane suka riƙa kwana. A Disamba abin ya iso mana. Muka fito a bayan motar kaya za mu Sinnar, ni da yaran da ƙanena. A wani shinge masu bindiga suka tsayar da mu, suka nuna shi suka ce ya sauko. Ya juyo ya kalle ni. Anti, ko "ku yi wa Allah" ban ce ba. Na danne kan jaririyata a ƙirji, bakina ya mutu. Takalminsa ƙafa ɗaya ya rage a motar, yana cikin akwatina har yau. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun daga nan kamar mu uku ne a jiki ɗaya. Akwai mai zagina da zarar na kwanta: matsoraciya, ke kin ci kin ƙoshi, shi fa? Akwai wadda ba ta iya zama, sai goge-goge har biyun dare. Akwai wadda in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta hau yara da faɗa, daga nan ta shige waya tana bin bidiyon yaƙi ko za ta ga fuskarsa. An yi mini ruƙiyya sau biyu. Surukata ta ce wadda Allah ya kawo kusa da Ka'aba ba ta da bakin kuka. Raunin imani ne ke damuna, ko na fara taɓuwa?

Maman yara biyu, Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya bayyana shi cikin aminci, ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da shingen nan, don a can kika tsaya har yanzu. Idan tsoro ya kai maƙura, jiki ba ya jiran shawarar mai shi. Wani ya ruga, wani ya yi kokawa, wani kuma ya daskare, harshe ya ƙi motsi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan daskarewa sarai, har ga sojoji tana faruwa. Ki tuna abin da hannuwanki suke yi a lokacin: suna rufe kan jaririya. Kin fito da yara biyu da ransu daga gaban bindiga. Laifin abin da ya sami ƙanenki yana wuyan wanda ya ce ya sauko.

Imaninki kuma lafiyarsa ƙalau. Annabi Yaƙubu ya ce zai yi haƙuri mai kyau, amma ya yi ta baƙin cikin Yusufa har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Surukarki wataƙila lallashi take nufi, sai dai maganarta ta ƙara miki kaya.

Batun "mu uku a jiki ɗaya" bai ba ni tsoro ba. Wani masani a Amurka, Richard Schwartz, ya gina hanyar jinya a kan wannan tun shekarun 1980, ana kiranta IFS (Internal Family Systems, wato tsarin iyalin cikin zuciya). Ya lura zuciyar kowa kamar babban gida ce mai sassa da yawa. Idan masifa ta auku, sai a kulle wanda ya fi jin ciwo a ƙuryar ɗaki, sauran su yi tsaye a bakin ƙofa don kada kukansa ya fito. Wasu suna gadin ne da tsari da tsawa, kamar mai goge-gogenki da mai zaginki. Wasu kuma 'yan kwana-kwana ne, sai wuta ta tashi su zo a guje su watsa duk abin da suka samu, ko da kayan ɗaki za su lalace. Ita ce mai faɗa da yara, mai bin waya. Wadda ke ƙuryar ɗaki kuwa, ita ce yarinyar da ke zaune a bayan mota tana kallon takalmi.

Mai zagin nan ta fi ba ni tausayi. Ina kyautata zaton gani take in ta bar ki kika yi barci mai daɗi, to an manta da shi ke nan. Ƙauna ce ta sa ta ɗauki bulala. In ta fara yau da dare, kada ki yi musu da ita, kada kuma ki miƙa mata wuya. Ki ɗora hannu a ƙirji, ki ja numfashi a hankali, ki ce mata: "Na ji ki. Me kike tsoron zai faru in kika yi shiru?" Sai ki saurara. Ki yi mata magana da irin muryar da za ki yi wa ƙawarki da a ce ita ce abin ya sama. Na san ba za ki taɓa ce wa ƙawarki matsoraciya ba. Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu da ya ce wa Abud Darda'i ransa yana da haƙƙi a kansa.

Amma ƙofar ƙuryar nan kada ki buɗe ta ke kaɗai da tsakar dare. Wannan aikin a yi shi da ƙwararre. Ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ki nemi a haɗa ki da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, in kin fi sakewa da mace ki faɗa. Ba lallai ki sami mai IFS ba, kuma binciken da aka yi a kanta bai kai na wasu hanyoyin yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ba da shawarar CBT (jinyar gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa) mai fuskantar abin da ya faru, da kuma EMDR (jinyar da ake tuna abin da ya faru ana motsa idanu), ga masu irin wannan ciwo na bayan tashin hankali. Duk wadda kika samu ki riƙe, ki gaya wa likitar labarin mutum ukun kamar yadda kika gaya mini. Addu'a da azkar su ci gaba, ba sa karo da asibiti. In kuwa wata rana zuciyarki ta fara raya miki cewa gara ki bar duniya, a ranar za ki gaya wa maigida, a ranar za ku je asibiti.

Ita kuma mai bin waya, a ba ta aikin da zai amfane shi. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya (ICRC) da Hilal Ahmar (Red Crescent) suna karɓar rajistar waɗanda suka ɓata a yaƙi. Ku kai sunansa da hotonsa da ranar da wurin da aka sauke shi. Daga nan ki ajiye wayar a falo bayan Isha'i.

Takalmin ki bar shi a akwatinki, kada kowa ya sa ki jefar. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ina son jin amsar da mai zagin ta ba ki.