Ƙurajen gaba bayan shekara tara da aure: daga wajen wa na ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata tara da aure, 'ya'yana uku, kuma ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina. Ya taɓa aure kafin ya aure ni, sannan ya ƙara aure shekara biyu da suka wuce. Wata biyar ke nan da wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso mini a gaba, suka fashe suka zama gyambo, har ba na yin fitsari sai da hawaye. Mai kemis ya ce sanyi ne ya ba ni kafso, na haɗa da na gargajiya, suka warke, amma bayan wata biyu suka dawo a wuri ɗaya. A asibiti aka dangwali ruwan ƙurjin aka gwada, sakamako ya nuna HSV-2. Maigida ya ce shi bai taɓa ganin komai a jikinsa ba, yanzu kallon tuhuma yake yi mini, ni kuma zuciyata tana kan amarya. Daga wajen wa na ɗauka? Zan iya shafa wa yarana? Ina kuma son ƙara haihuwa. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Zan fara da abin da ya fi ci miki rai, domin shi ne kuma abin da ya fi buƙatar a taka a hankali. Babu wani gwaji, na jini ne ko na ruwan ƙurji, da zai nuna ranar da wannan ƙwayar cuta ta shiga gidanku ko wanda ya shigo da ita. Fitowar ƙuraje a bana ba hujja ba ce cewa wani ya ci amanar wani a bana, kuma duk wanda ya gina zargi a kan takardar sakamakon nan ya ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

Dalili yana cikin halin cutar, wadda likitoci ke kira hapis. Iri biyu ce: HSV-1, wadda ke haddasa ƙurajen nan na leɓe da muke cewa zazzaɓi ya fito, kuma takan sauka gaba ta hanyar haɗuwar baki da al'aura, sai HSV-2, wadda kusan kullum ta saduwa ake ɗaukarta. Idan ta shiga ta fata, sai ta bi jijiya ta je ta kwanta a gindin jijiyoyin da ke ƙasan ƙashin baya, ta zauna a can har ƙarshen rayuwa. Daga nan takan farka lokaci-lokaci ta biyo jijiyar nan ta dawo fata, shi ya sa ƙurajenki suka koma wurin da suka fara fitowa. Wani yakan ga alama cikin kwana 2 zuwa 12 da kamuwa, wani sai bayan shekaru, mafi yawa kuwa ba sa ganin komai, ko kuma su ga ɗan tsagewar fata da ƙaiƙayi su ɗauka zufa ce ko kaushin wando.

A watan Disambar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da hapis na gaba, wato fiye da mutum ɗaya cikin biyar, kuma miliyan 520 daga cikinsu HSV-2 ce. Nahiyar Afirka ce kan gaba wajen yawan HSV-2, sannan mata sun kusa ninka maza, saboda ta fi saurin wucewa daga namiji zuwa mace. Don haka maganar maigidanki cewa bai taɓa ganin komai ba tana iya zama gaskiya tsantsa, amma ba ta nuna cewa ba ya ɗauke da ita. Bincike ya nuna cewa mai HSV-2 da bai taɓa yin ƙuraje ba yakan fitar da ƙwayar a fatarsa a kusan kwana ɗaya cikin goma ba tare da ya ji komai ba. Yana yiwuwa ya ɗauko ta tun aurensa na farko, kuka yi shekaru ba ta kama ki ba sai yanzu, kamar yadda yana yiwuwa ta daɗe a jikinki sai bana ta bayyana. Ta ɓangaren amarya ma yana yiwuwa, ba tare da ta sani ba kuma ba tare da ta aikata wani laifi ba. Gwajin kafin aure ba ya raba wannan gardama, domin abin da aka saba dubawa, har a dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024, shi ne ƙanjamau, ciwon hanta da sikila.

Game da maganin kemis, ba shi ya warkar da ke ba. Ƙurajen farko sukan bushe da kansu cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kafson kashe bakteriya ba ya taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Yana damuna yadda muke tattara duk wani ciwon gaba mu kira shi sanyi, mata su yi ta shan magani da tsarki da abubuwa masu zafi a kan ɗanyen gyambo, ciwo yana ƙaruwa. Maganin da ke aiki shi ne asaikulobir ko balasaikulobir. Ba sa fitar da cutar daga jiki, amma suna gajarta kwanakin ciwo idan aka fara sha tun daga alamar farko, wato tsikari, ƙaiƙayi ko zugi a wurin kafin ƙurji ya fito. A shekarar farko masu HSV-2 sukan ga dawowarta kamar sau huɗu, sannan takan yi sauƙi tana raguwa da tafiyar shekaru. Wadda take yawan dawo mata, likita yakan ɗora ta a kan ƙwaya ta kullum.

Gwajin da aka yi miki daga ruwan ƙurji shi ne mafi inganci, musamman wanda ake kira PCR, saboda haka babu buƙatar ki sake wani don tabbatarwa. Maigida da amarya, tun da ba su da ƙuraje, gwajin jini ne nasu, kuma a nan ake yawan kuskure. Wanda za su nema shi ne gwajin jinin da ake kira IgG, mai bambance HSV-1 da HSV-2. Gwajin IgM, wanda wasu ɗakunan gwaji ke cewa yana nuna sabon kamu, ba abin dogaro ba ne, domin yakan tashi ko a tsohon kamu. Jiki yakan ɗauki har mako 12 kafin alamar kamuwa ta bayyana a jini, kuma idan sakamakon HSV-2 ya fito da ƙaramar lamba, tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa ƙarya ne, sai an tabbatar da wani gwajin daban. Idan HSV-1 ce kawai ta fito, wannan ba abin mamaki ba ne, tun da kusan kashi 64 cikin 100 na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna da ita, yawanci tun suna yara. Ina ba da shawara ku ukun ku haɗa da gwajin ƙanjamau da na tunjere, domin HSV-2 tana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau uku.

Idan ya tabbata maigida yana da irin taki, ba abin da za ku sake shafa wa juna. Idan ba shi da ita, ku ƙaurace wa shimfiɗa tun daga tsikarin farko har fata ta warke sarai, kuma kwaroron roba yana ragewa ko da yake ba ya rufe duk inda ƙwayar ke fita. Wani bincike da aka buga a 2004 a kan ma'aurata da abokan zama 1,484 ya nuna cewa shan balasaikulobir kullum ya rage yaɗuwa cikin wata takwas daga kashi 3.6 zuwa 1.9 cikin 100.

Yaranki kuwa ki kwantar da hankali. Ba a ɗaukarta ta buta, masai, kwano ko runguma, domin ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki. Ki riƙa wanke hannu da sabulu idan kin taɓa wurin, kada ki kai hannun ido.

Haihuwa ma ba ta gagare ki ba, in sha Allahu. Macen da ta kamu tun kafin ciki tana ba ɗan tayi kariyar jikinta, haɗarin jaririnta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ki faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko. Akan fara ba da asaikulobir daga mako na 36, idan kuma akwai ƙuraje ranar naƙuda sai a ciro jariri ta tiyata, don haka a asibiti ya kamata ki haihu. Babban haɗari yana kan macen da ta kamu karon farko a watannin ƙarshe na ciki, inda yakan kai kashi 30 zuwa 50. Saboda haka idan gwaji ya nuna maigida yana da ita amarya kuma ba ta da ita, to ita ce mai buƙatar kariya, kuma wajibi ne ya ƙaurace wa shimfiɗarta a watanni ukun ƙarshe na duk cikin da ta samu.